Matafiyi Shi Kaɗai Da Masaukinsa A Ƙasar Baƙunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinsa su nemi halalinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan mutumin da ya rataya jakarsa ya bar garinsu shi kaɗai ce, ya shiga ƙasar da ba shi da kowa, yana kwana a inda kuɗinsa suka iya kai shi. Mun san irin wannan mutum sarai. Kowace shekara, da zarar an kau da amfanin gona a Karaye da Rogo, da Zarewa da Beli da Yammedi da Tudun Kaya, sai samari su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Ikko ko Badun ko Fatakwal cin rani, waɗansu kuwa su ƙetare iyaka zuwa Kwatano ko Kumasi ko Agadas. Ga 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Dubai da Alƙahira da ƙasar Sin. Ga kuma ma'aikatan gwamnati da ake turawa kwas ƙasashen waje, waɗanda guzurin da aka ba su ba zai ishe su babban otal ba. Dukansu idan dare ya yi za su kwanta ne a ɗakin da ba wanda ya san sunan ubansu.

Tambayoyin da ke zuwa wa wannan fili daga irin waɗannan mutane kusan iri ɗaya ne. Kwana nawa zan yi ina ƙasaru? Yaya zan yi tsarki a makewayin da ba ruwa? Ya halatta in dafa abinci a tukunyar da ban san abin da aka dafa a cikinta jiya ba? Za mu amsa su da yardar Allah. Amma tun farko a sani cewa masauki mai araha ba abin kunya ba ne ga Musulmi, domin Fiyayyen Halitta ya kwanta a kan tabarma har ta yi masa shaida a jiki. Abin da ke halaka matafiyi shi ne yankewa daga jama'a, ya zama ba mai tambayarsa, ba mai jin kunyarsa, ba kuma wanda shi yake jin kunya.

ABIN DA SHARI'A TA JI WA MATAFIYI TSORO

Musulunci bai hana tafiya ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa domin lura da ɗaukar izina, kuma a ƙarshen Suratul Muzzammil Allah ya ambaci masu tafiya neman falalarsa, watau fatake, a jere da masu yaƙi domin ɗaukaka addininsa. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza tun kafin a aiko shi.

Abin da aka yi kashedi a kansa shi ne kaɗaici. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umaru cewa Annabi ya tsoratar da mutane game da tafiyar dare ga mutum ɗaya tilo. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Maliku akwai hadisin da ya danganta matafiyi ɗaya da matafiya biyu ga Shaiɗan, bai kira su ayari ba sai da suka kai uku. Abu Dawuda kuma ya ruwaito umurnin cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Malam Haɗɗabi, mai sharhin littafin Abu Dawuda, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan Hijira, ya bayyana dalilin wannan. Ya nuna cewa mutum ɗaya in ajali ya riske shi a hanya ba mai yi masa wanka, ba mai binne shi, ba wanda zai karɓi wasiyyarsa, ba kuma mai kai dukiyarsa ga magada ko labarinsa ga iyalinsa.

Idan larura ta kama, tafiyar mutum ɗaya ta halatta, domin a ranar yaƙin Handaƙu Annabi ya aiki Zubairu ɗan Awwamu shi kaɗai ya ɗauko masa labari. Har ila yau malamai da yawa na wannan zamani suna ganin wanda ya shiga motar haya ko jirgin sama cike da mutane ba ya cikin wancan kashedi. To, amma mu lura da kyau. Mota tana sauke mutane a tasha kowa ya kama gabansa, jirgi ma haka. Dalilan nan da Haɗɗabi ya lissafa ba su gushe ba, sun dai tashi daga kan hanya sun koma cikin ɗakin kwana.

Ko shahararren matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa, wanda ya bar garinsu Tanja a ƙasar Maroko a shekarar 1325 bai wuce shekara 22 ba, ba aboki ba ayari, ya ba da labarin cewa da ya isa Tunis ya ga ana ta taryar abokan hanyarsa ana gaishe su, shi kuwa ba wanda ya dube shi, sai da ya yi kuka. Daga nan ya shiga ayarin alhazai har suka naɗa shi alƙalinsu. Shekara kusan 30 da ya yi yana zaga duniya, har ya zo Mali da Takadda kusa da ƙasar Azbin a 1353, mafi yawan kwanansa a zawiyoyi da makarantu da gidajen alƙalai ya yi su.

YADDA KAKANNINMU SUKA YI

Hausawa mutanen tafiya ne tun da daɗewa, amma ba su saba sakin mutum ɗaya a daji ba. A ƙarni na 19, fataken goro na ƙasar Kano, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Ayari ɗaya yakan kai mutum 1,000 ko fiye. Akwai madugu mai shugabanci, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai tattara kuɗin hanya, da malamin ayari mai ja musu salla yana rubuta musu lissafi. Talaka mai jaki ɗaya, ko mai kaya a ka, yakan jira ayari ne ya raɓu da shi.

Idan an isa gari akan sauka a zango, kowane baƙo kuma yana da fatoma, watau mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki da tabarma da ruwan wanka, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya ajiye masa kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an karɓi kayan bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, abin da yake samu yana cikin la'adar ciniki ne. Saboda haka ribarsa tana ɗaure da lafiyar baƙonsa da dawowarsa baɗi. In baƙo bai fito sallar Asuba ba akwai mai buga masa ƙofa. In ciwo ya kama shi akwai mai jinya. In ya rasu, limamin zango ya yi masa sutura, sarkin zango ya sa a ƙididdige kayansa a ba ayari mai komawa ya kai wa magada. Manyan malamai sun zauna a irin waɗannan zanguna, kamar Alhaji Umaru wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kete Karaci yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934.

Zuwan jirgin ƙasa da mota bai kashe wannan tsari ba. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, kuma wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta ya buga littafinsa a 1969, ya tarar da masu gida suna saukar da fataken shanu da na goro a kan wannan ƙa'ida ta kakanni: ɗaki da abinci kyauta, amana a tsakani, la'ada bayan ciniki.

Haka kuma alhazan ƙafa, waɗanda mutanen Gabas ke kira Takari. Mutum zai bar ƙauyensu da gafaka da buta da buzu, ya bi ta Maiduguri da Farlami, wadda yanzu ake kira Njamena, da Abashe da Fashir da Ubayyid, har ya isa Sawakin ko Bar Sudan ya ƙetare teku zuwa Jidda. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi wanzanci ko ɗinki ko ga-ruwa, ko cirar auduga a gonakin Jazira bayan an buɗe madatsar ruwa ta Sannar a 1925. A kowane babban gari akwai zangon 'yan'uwa da shehunsa. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama matattara ga dubban masu wannan tafiya. Sun sha yunwa da ciwo da zaluncin hanya, da yawa kuma ba su dawo ba. Amma wanda ya mutu a zango ya sami masu sallatarsa.

MASAUKIN YAU

Turawa ma suna da nasu masaukin matafiya marasa ƙarfi. Wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann ne ya fara tunaninsa a 1909, aka buɗe na farko na dindindin a wani tsohon gidan sarauta a garin Altena a 1912, domin 'yan makaranta masu yawon ƙafa. Daga nan ya bazu a duniya. Dattawanmu suna tune da samarin Turawa masu jakar goyo da suka riƙa ratso Sahara ta Agadas da Damagaram suna sauka Kano a shekarun 1970 da 1980. Irin masaukinsu ne yanzu ɗalibinmu ko ma'aikacinmu yake faɗawa idan ya je Ingila ko Turkiyya ko Maleshiya da ƙaramin guzuri.

Ga yadda wurin yake. Ɗaki ɗaya ne da gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas ko fiye, kowa da ɗan akwatin ƙarfe da zai kulle kayansa, makewayi ɗaya, madafa ɗaya. Wanda ya kwana a saman gadonka jiya ya tafi da asuba, wani ya maye gurbinsa, ba ka san addininsa ba, ba ka san sana'arsa ba. A unguwar Dera ta Dubai, ko a birnin Guwanzu na ƙasar Sin, ɗan kasuwarmu yakan kama ƙaramin ɗaki shi kaɗai ko ya haɗa kuɗi da waɗanda ya tarar. Da safe ya sha shayi da burodi a tsaye, ya wuni yana zaga shaguna da ofisoshin masu dakon kaya, fasfo da kuɗi ɗaure a ƙugu. Ya ci abinci sau ɗaya domin ya rage kashe kuɗi, ya wanke rigarsa da hannu ya shanya a ƙarfen gado, da dare ya kwanta yana lissafin canji, wayarsa a hannu.

Mai irin wannan masauki mabuɗi kawai ya sani da kuɗin kwana. Ba shi da riba a cinikinka, saboda haka ba shi da asara a halakarka. An ga wannan ƙarara a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga otal-otal da gidajen haya a Guwanzu suka kwana a bakin titi, har gwamnatin Nijeriya ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ranta. Mafi muni kuma su ne gidajen da masu safarar mutane ke tara samari a Agadas da kudancin Libiya kafin a cusa su a bayan mota. Mai karɓar kuɗin mutum ya kai shi Sahara ba madugu ba ne, domin ba wanda zai tuhume shi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A ƙarshen 2017 kuma duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙin haure a Libiya kamar dabbobi.

Ko a inda babu irin wannan bala'i, akwai jarrabawar da ta fi ɓoyuwa. Mutumin da a Rogo ba zai iya wuce majalisa da abin kunya a hannu ba, saboda kowa ya san gidansu, ga shi a garin da ba mai ganinsa sai Allah. Giya tana ƙasan bene, matan banza suna bakin ƙofa, ba ladan ba liman. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi bai karɓi shaidar wani mutum a kan kirkin wani ba, sai da ya tambaye shi ko ya taɓa yin tafiya da shi. Hausawa kuma suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

HUKUNCE-HUKUNCEN DA YA KAMATA YA TAFI DA SU

Na farko, salla. A mazhabar Imamu Maliku, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar mil 48, watau kimanin kilomita 80 da ɗoriya, muddin tafiyar ba ta saɓon Allah ba ce. Zai mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu, ban da Magariba da Asuba, kuma ba zai fara ba sai ya wuce gidajen garinsu. Idan ya isa inda za shi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to, ƙasaru ta yanke tun daga saukarsa. Saboda haka ma'aikacin da aka tura kwas na mako biyu zai cika sallarsa, Juma'a ma ta hau kansa. Amma ɗan kasuwar da ya zo da niyyar kwana biyu ko uku, kaya suka ƙi fitowa, kullum yana cewa gobe zai tafi, wannan zai ci gaba da ƙasaru ko da abin ya ja, matuƙar bai ƙulla niyyar kwana huɗu ba. In ya bi liman mazaunin gari sai ya cika tare da shi.

Ƙasa dukanta masallaci ce ga wannan al'umma, saboda haka ɗan fili mai tsarki a tsakanin gadaje ya isa. Ya tafi da dardumarsa, ya nemi alƙibla da kamfas ko da wayarsa, ya gaya wa abokan ɗakinsa tun da yamma cewa zai tashi da asuba, kada kuma ya ɗaga murya ya hana su barci. Amma mafi alheri daga wannan duka shi ne ya nemi masauki kusa da masallaci, ko da zai ƙara kuɗi kaɗan. Wanda liman da ladan suka saba ganin fuskarsa kwana uku ya sami fatoma, in ya ɓace za a tambaya.

Na biyu, tsarki. Ruwa shi ne mafifici, saboda haka kada ya ji kunyar sa ƙaramar buta ko gorar roba a jakarsa. In ruwa ya gagara, sharewa da abu busasshe mai tsarki mai gusar da ƙazanta ta isar, kamar yadda ake yi da duwatsu, kuma takardar makewayi tana cikin wannan. Wanda ya rasa ruwan alwala, ko ciwo ya hana shi taɓa shi, sai ya yi taimama.

Na uku, abinci. Sahabi Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi game da tukwanen Ahlul Kitabi, aka ba shi amsa cewa in ya sami waɗansu ya bar su, in bai samu ba ya wanke su ya yi amfani da su. Wannan ita ce amsar mai tambaya game da madafar haɗin gwiwa. Game da nama, Suratul Ma'ida ta halatta yankan Yahudu da Nasara bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana, amma yankan wanda ba shi da Littafi bai halatta ba. Kifi da sauran dabbobin ruwa ba su bukatar yanka, ga ƙwai, ga burodi, ga 'ya'yan itace, kuma ko a ƙasar Sin akwai Musulmi 'yan ƙasa masu gidajen abincin halal. Ya nisanci zama a teburin da ake shan giya, domin an hana. Kada kuma araha ta kai shi ɗakin da ake haɗa maza da mata, domin a wurare da yawa akwai ɗakunan maza zalla ga wanda ya tambaya.

Na huɗu, amana da alkawari. Bizar da aka buga wa mutum alkawari ce ya ɗauka, Suratul Ma'ida kuwa da umurnin cika alkawura ta buɗe. Wanda ya shiga da bizar Umra ya maƙale, ko ya wuce kwanakinsa a wata ƙasa, ya mai da kansa abin farauta, ba ya iya kai ƙara in an zalunce shi, ba ya iya zuwa asibiti in ya kwanta. Dattawan zango suna tune da watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, mutane suka bar gidaje da dukiya. Sa'an nan kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, kada kuma ya kau da ido daga jakarsa. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano zuwa Umra saboda ƙwayoyi da aka samu a wata jaka mai sunanta, ta yi wata huɗu a tsare a Saudiyya kafin bincike ya tabbatar cewa waɗansu ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba.

WAƊANDA YA BARI A GIDA

Tafiya ba ta sauke wa mutum ciyar da iyalinsa. Wajibi ne ya bar musu abin da zai ishe su, ko ya wakilta amintacce, ya kuma gaya musu garin da za shi da sunan wanda zai sauka a wurinsa. Matar da mijinta ya tafi bai bar mata komai ba tana da damar kai ƙara gaban alƙali, in ya bincika ya tabbatar ya yanka wa mijin wa'adi, sa'an nan ya raba auren. Wadda mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ko da akwai dukiyar da ake ciyar da ita, hukuncin da Imamu Maliku ya ruwaito daga Sayyidina Umaru shi ne ta jira shekara 4 bayan an kai maganar gaban hukuma an yi cigiya, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Duk wanda ya zauna a kotunan ƙauyukanmu ya ga irin waɗannan mata da 'ya'ya a goye. Kiran waya ɗaya a mako, da lambar mai masauki a hannun wani ɗan'uwa, da sun raba su da wannan wahala.

Har ila yau ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bin mutane kafin ya tashi. Ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umurni da rubutawa, ayar da ke biye da ita kuma ta yi maganar jingina ga wanda ke kan tafiya bai sami marubuci ba. Aya ta 106 ta Suratul Ma'ida ta yi bayanin shaidun wasiyya ga wanda mutuwa ta riska a hanya. Ɗan kasuwar da ya tattara kuɗin mutum goma na kasuwa ya tafi saro kaya, ba rubutu ba shaida, in ya faɗi a wani ɗaki a Dubai ya bar wa 'ya'yansa rigima, ya kuma tafi da haƙƙin mutane a wuyansa. Idan kuwa bukata ta biya ya gaggauta komawa gida, domin Annabi ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya kuma yi umurni da haka.

HAƘƘIN BAƘO A KANMU

Kamar yadda 'ya'yanmu suke baƙi a garin wasu, haka 'ya'yan wasu suke baƙi a namu. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla ne a ƙasar Karaye, matasa suna zuwa daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kowa da jakarsa, waɗansu ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, tana jawo masunta, ga kuma masu sayen rake da hatsi da ke kwana a kasuwannin ƙasar Rogo. Annabi ya ɗaura girmama baƙo a kan imani da Allah da ranar lahira, ya kuma sanya liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Bai ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba a cikin wannan.

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya ibnus sabili, watau matafiyin da guzuri ya yanke masa, cikin mutum takwas masu cin zakka. Malaman Malikiyya sun ce ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, da sharaɗin tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma bai sami mai ranta masa ba. Attajiranmu da yawa sun manta da wannan kaso, alhali ga masu shi nan a kowace tasha.

A da kowane gida yana da zaure, baƙo kuma akan kai shi wurin mai unguwa ya san da shi, sa'an nan a ba shi wurin kwana. Yau gidajen da ake ginawa ƙofar ƙarfe ce a gaba, kuma halin rashin tsaro ya sa mutane suna tsoron wanda ba su sani ba. Tsoron yana da dalili, maganinsa kuwa yana cikin al'adar nan ta kai baƙo wurin mai unguwa. Muna kira ga hakimai da dagatai na Masarautar Karaye, wadda bisa dokar 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da limaman Juma'a da masu hali, su duba yiwuwar gina ɗakin baƙi a jikin kowane babban masallaci a matsayin waƙafi, da littafin da za a riƙa rubuta sunan mai sauka da garinsu da inda ya nufa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su tattara sunayen amintattun 'yan'uwa da sarakunan Hausawa na garuruwan da mutanenmu ke zuwa, domin kada yaro ya tashi daga Fulatan ko Turawa sai da sunan wanda zai yi wa sallama a hannunsa. Uban da ɗansa ya zo neman izinin tafiya ya tambaye shi wurin wa zai sauka, kafin ya tambaye shi nawa zai samo.

Allah ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa da na sama, ya haɗa su da masu masauki na kirki, ya mai da su ga iyalansu lafiya da halal a hannu. Waɗanda suka rasu a hanya ba a san kabarinsu ba, Allah ya jiƙansu da rahama.